Ranar da Na Fasa Dam da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko ni na so in manta, jama'a ba su da niyyar ƙyale ni. Shekara uku ke nan, amma har yau in na ratsa kasuwar Bebeji sai wani ya leƙo daga rumfa ya ce, "Alhaji, ya ruwa?" Ko da tsakiyar rani ne kuwa. Ni kuma in ce, "Ya yi gyara," in ƙara sauri. Na gaji da jin haushi, na gaji da yin kamar ban ji ba, shi ya sa na ce bari in ba da labarin da bakina, tunda dama bakin ne ya jawo.

Ni tsohon direban tirela ne. Shekara ashirin da shida ina kan kwalta: Legas, Fatakwal, Maiduguri, Agadas, Garwa, Kwatano, ba inda tayata ba ta taka ba. Da bayana ya ce shi fa ya gama, sai na miƙa makulli na dawo gida Kiru, na samu wurin zama a majalisar ƙarƙashin darbejiya. To ka san mutanenmu. Wanda ya yi tafiya, a wurinsu ya san komai. In gardama ta sarƙe, ko a kan zaɓe, ko a kan wani sabon magani, ko a kan me ya sa waya ke shan caji, sai ka ji an ce, "Ku dakata, a tambayi Alhaji, shi ya zaga duniya." (Gaskiyar magana, abin da direba ya sani a duniya shi ne tasha, mai shayi, mai faci da shingen hanya. Amma wa zai faɗi haka alhali ana matsa masa wuri a kan benci?) Abin ya yi mini daɗi, har na manta yadda ake cewa "ban sani ba". Shekarar nan da aka ce kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ni ne na tabbatar wa mutane cewa a Kwatano ma haka suke yi. Ba wanda ya tuhume ni daga baya, don kowa ya yi wankan.

To akwai Nasiru. Ɗan marigayi Sule ne, abokina da muka yi shekaru muna karɓa-karɓar sitiyari. Sule yana jinyar ajali ya riƙe hannuna ya ce, "Ga Nasiru nan." Bai ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Nasiru ya girma, ya yi karatun kiwon lafiya, yana aiki a wani ƙaramin asibiti can wajen Doguwa, inda rabin aikinsa allura ce, rabin kuma lallashin mutane su daina yarda da abin da suka ji a waya game da allurar. Ya ga yarinya mai suna Hauwa a wani gari da ke ƙasan dam ɗin Tiga (ba zan faɗi sunan garin ba, har yanzu ina bi ta can), suka daidaita, aka ce ni ne wakilin ango.

Matsalar ita ce uban yarinyar, Malam Iliya. Mutumin kirki ne, manomin shinkafa, amma mai yawan karanta alamu. Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa. Na farko rasuwa aka yi a danginsu, na biyu katangar gidansa ce ta faɗi ana saura kwana biyu. Da muka je sa rana ta uku, a gabana ya ce, "Alhaji, in wannan karon ma wani abu ya gifta, to na san Allah bai ƙulla ba. Kowa ya haƙura." Ba da wasa ya faɗa ba. Na fito na dafa kafaɗar Nasiru na ce ya kwantar da hankalinsa, in dai ina numfashi ba abin da zai gifta.

Sai in gaya maka wani abu game da garin, don in ba ka sani ba za ka ɗauka mutanen matsorata ne. Ba matsorata ba ne. Asalinsu ba nan suke ba. Tsohon garinsu yana can ƙarƙashin ruwan dam ɗin, da rijiyoyinsa da kukokinsa da kaburburan iyayensu. Lokacin da aka tashe su Malam Iliya yana ɗan ƙarami, a kan buhun dawa aka ɗora shi a bayan mota. Yanzu da ruwan suke ci, wasu kamun kifi, wasu noman rani, amma a garin nan ba a wasa da maganar dam. Na san da haka. Wannan ne ma abin da ya fi ci mini rai: na sani sarai.

Ranar ta zo, tsakiyar marka, kwana huɗu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, amma safiyar gari ya washe. Na sha babbar riga, na kafa hula, muka taho mota biyu daga Kiru, har da Hajiyata, ita ta shige cikin gida wurin mata. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Iliya, liman ya zauna, ga goro da alawa a tsakiya. Nasiru na can baya cikin abokansa, kai a ƙasa kamar yadda ango ke yi. Sanƙiran garin, wani dogo mai suna Ɗanlami, yana tsaye da lasifika rataye a kafaɗa. Ka dai san aikin sanƙira: duk abin da babba ya faɗa a hankali, shi zai ɗauka ya cilla wa jama'a. Ba ya tacewa, ba aikinsa ba ne. Ka ce "muna godiya", ya ce "Alhaji ya ce yana godiya!" Ka yi tari ma, in bai yi hankali ba sai ya maimaita.

Liman ya gyara zama zai fara, sai wayata ta yi motsi a aljihu. Da mai hankali ne da ya bar ta. Na zaro. Bidiyo ne a guruf ɗinmu na tsofaffin direbobi, an rubuta a kai da manyan baƙaƙe: YANZU-YANZU, DAM ƊIN TIGA YA ƁALLE. Na danna. Ga ruwa ja wur yana bi ta kan gada, ga gidaje sun nutse sai rufi, ga wata murya tana salati tana cewa duk wanda ke ƙasan dam ya gudu, a tura wa 'yan'uwa don girman Allah.

(Nan dole in tona wa kaina asiri. Likita ya ba ni tabarau tun bara waccan. Yana aljihuna a ranar. Ba na sa shi a taro, don yana tsofar da ni. Saboda haka abin da idona ya gani ja-ja ne da motsi-motsi, sauran zuciyata ce ta ƙarasa.)

Na karkata wajen wani dattijo da ke gefena, na ce masa a hankali, wallahi a hankali, "Malam, ka ga wannan? An ce dam ya ɓalle." Na manta Ɗanlami na tsaye a kaina. Sai kawai na ji lasifika ta tsage:

"Jama'a! Alhaji wakilin ango ya ce dam ya ɓalle!"

Kowa ya juyo yana kallona. Malam Iliya ya ce, "Alhaji, gaskiya ne?"

Ka ga nan Allah ya ba ni dama. Abin da zan ce bai wuce "ban tabbatar ba, a bincika". Amma ga taro guda ya zuba mini ido, irin kallon nan da na saba da shi a ƙarƙashin darbejiya, kallon "Alhaji ya sani". Na miƙe, na ɗaga wayar sama na ce, "Ga shi nan a hoto. Wannan gadar na san ta kamar yunwar cikina. Na bi ta kanta ya fi a ƙirga."

(Ka san abin takaici? A duk abin da na faɗa ranar, wannan maganar gadar ce kaɗai gaskiya.)

Na ga tasha ta watse saboda gobara, na ga kasuwa ta watse saboda harbi, ban taɓa ganin taro ya watse kamar wannan ba. Liman ya tattare rigarsa. Takalma kuwa kowa ya zura wanda ƙafarsa ta samu. Mata suka fito daga cikin gida da goyo da ƙullin kaya. Wani ya ɗauko injin ban-ruwa a ka, wani na jan awaki uku da igiya ɗaya, kowacce da inda take son zuwa. Mata biyu suka kinkimo tukunyar shinkafar biki da tsumma, tana tururi. Kowa ya nufi tudun makarantar firamare, wurin da ya fi ko'ina bisa a garin, tafiya mai ɗan nisa cikin taɓo. Ni ma na bi, babbar riga a kafaɗa, ina ba da umarni: "A taimaki tsofaffi! Ban da turereniya!" Kai ka ce wani kwamandan yaƙi.

Mutum ɗaya ce ta ƙi motsi, Inna Dije, mahaifiyar Malam Iliya. Aka yi juyin duniya, ta ce ita an tashe ta sau ɗaya tana da goyo, ba za a tashe ta sau biyu tana da sanda ba. Dole Malam Iliya ya bar ƙaninsa da babur a wurinta, ya ce da ya hango ruwa ya sungume ta ko tana zagi, shi kuma ya kora iyali zuwa tudu.

A tudun ne aka buɗe majalisa, wadda ta ninka tamu ta Kiru. Tunda ruwan bai iso ba, sai aka zauna tattauna shi. Wani ya ce gwamnati ta san da maganar tun bara, ta ɓoye saboda zaɓe. Wani ɗan ɗaya jam'iyyar ya taso masa ya ce ƙarya yake, ai waɗanda suka sauka ne suka jawo. Saura kaɗan su kama wuyan juna. Wani ya kunna rediyo, aka ji ana tallan taki, sai aka ce ka ji ko, in rediyo ya yi shiru to abin ya girma ne. Wani ya ce dogon ƙarfen sabis ɗin waya da aka kafa a bakin titi, shi ke girgiza ƙasa a hankali ba a sani ba. Wata mata ta ce ita ba ruwan take tsoro ba, allurar da za a kawo bayan ruwan, don ta ji an ce dama saboda allurar aka shirya komai. Kowa in ya gama sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Alhaji?" Ni kuma in gyaɗa kai in ce, "Akwai ƙamshin gaskiya." Magana a kan magana a kan magana, duk a kan bakina aka ɗora su, ni kuma ban ɗora bakin nawa a kan komai ba.

Amma ba kowa ke gardama ba. A gefe, jikin bangon aji, na hango Malam Iliya zaune a ƙasa da fararen kayansa, yana kallon gonakin shinkafarsa can gangare, kore shar. Hawaye na bin gemunsa, ko sharewa ba ya yi. Ban je wurinsa ba. Cewa na yi a raina, ai gobe zai gode mini.

Sai ga Nasiru ya matso ya durƙusa a gefena. Ka tuna wannan shi ne aikinsa kullum, kashe jita-jita. Amma yau ango ne, ni kuma a matsayin ubansa nake, ba zai ƙaryata ni a gaban surukai ba. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, da an kira wani da ke bakin ruwan, a ji ta bakinsa."

Na ce, "Nasiru, lokacin da nake tsallaka manyan koguna ba a haife ka ba."

Ya ce, "Haka ne, Baba." Ya koma. Amma ashe ya raɗa wa wani abokinsa, abokin ya kira Garba, wani masunci ɗan garin da tun asuba yake kan ruwa, aka kara wayar a bakin lasifikar Ɗanlami.

"Garba, kana ina?"

"Ina cikin kwalekwale mana. Lafiya?"

"An ce dam ya ɓalle."

"Wane dam ɗin?"

"Naku. Wanda kake ciki."

Aka ji ƙarar ruwa na dukan katako. Garba ya ce, "To ni dai ga ni a kansa. In ya ɓalle bai gaya mini ba. An ɗaura auren ne? Ku ajiye mini shinkafata."

Ka ɗauka shi ke nan ko? Ina! Wani ya ce ai Garba ta sama yake, ta ƙasa abin ya ɓalle. Wani ya ce an tsorata shi ne kar ya faɗa. Wani ya ce yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum, wa ya san ko Garban ne ma. Mutumin da ke zaune a kan ruwan, ƙafarsa jiƙe, aka ƙi maganarsa, aka riƙe tawa, ni mai tabarau a aljihu. "Alhaji ya ga hoto, kuma ya san gadar." Garba ya ji haushi ya ce a jira shi, ga shi nan zuwa da ƙafarsa.

Ita kuwa wayata tana ta yawo hannu-hannu. Wani ya duba ya ce, "Alhaji, bishiyoyin nan na bayan gada kamar kwakwar manja. Akwai kwakwar manja a Tiga?"

Na ce, "An dasa. Ba ka zagawa ne." (Allah ya yafe mini.)

Daga nan wayar ta faɗa ɓangaren mata, ta isa hannun Hajiya. 'Yar Tudun Wada ce, shekara talatin muna tare, ba ta da yawan magana, kuma ita tabaraunta a fuska yake, ba ta jin kunyar kowa. Na hango ta ta kalla, ta mayar baya, ta sake kallo, ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton. Sai ta tashi ta ratso maza, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta tsaya gefena ta ce a hankali, "Baban Zainab, zo mu ɗan koma gefe."

Asiri take son rufa mini, baiwar Allah. Na ce, "Hajiya, ana maganar rayuka. Faɗi a nan."

"A nan?"

"A nan."

Ta ce, "To. Wannan kwanon da ke ƙasan hoton, a kan dashbod ɗin mota, mai shuɗin murfi da aka ɗaure da roba, ba kwanon furarka ba ne?"

Na sa hannu a aljihu. A gaban kowa na zaro tabarau na sa.

Duniya ta washe, da ma ba ta washe ba. Daga cikin mota aka ɗauki bidiyon, ta gilashin gaba. Ga tsagar gilashin nan mai kama da ƙafar kaza, wadda dutse ya yi mini a hanyar Agadas. Ga carbina yana lilo. Ga ƙyallen da Hajiya ta saƙa mini da hannunta. Ga kwanon fura. Motata ce. Gadar kuwa ta hanyar Lokoja ce, wata shekara da ruwa ya tsare mu kwana da kwanaki. Ni na ɗauka da tsohuwar wayata, na tura wa direbobi don su canza hanya, na manta. Shekara da shekaru yana yawo, ya fi ni zaga duniya, wani ya danne muryata ya ɗora tasa, ya raɗa masa sabon suna, ya dawo mini har aljihu. Bai ma danne da kyau ba. Can ƙarshe, in ka kasa kunne, za ka ji wani ya yi gyatsa ya ce "Alhamdulillahi". Ni ne. Na gama shan furar ke nan.

Na ce da muryar da ni kaina ban gane ta ba, "Nawa ne. Ni na ɗauka. Lokoja ce."

A hankali na faɗa. Amma wa ke tsaye a kanmu?

"Jama'a! Hajiya ta ce kwanon furar Alhaji ne! Alhaji ya ce shi ya ɗauki hoton da hannunsa! A Lokoja!"

Da dariya aka yi, da abin ya zo da sauƙi. Ba a yi ba. Mutane suka dinga kallon kayan bikinsu da suka sha taɓo, da awakinsu, da tsofaffinsu da ke haki a jikin bango. Mai injin ban-ruwa ya sauke shi daga ka, a hankali, yana kallona. Sai wani tsoho ya dogaro sandarsa ya zo gabana, tsakaninsa da Allah ya ce, "To Alhaji, yanzu mu koma ke nan?" Har a lokacin ni ake tambaya! Na ce, "Baba, ban sani ba. Ku tambayi Garba." Rabon da kalmar nan ta fita daga bakina har na manta. Daidai nan babur ɗin Garba ya hauro tudun, wandonsa jiƙe har gwiwa, ga tarwaɗa biyu rataye suna motsi. Ya ce, "Ga shaiduna. Ku tambaye su ko gidansu ya rushe."

Muka gangaro gari. A ƙofar gida muka tarar da Inna Dije zaune a kan tabarmar ɗaurin aure, sandarta a hannu, tana korar kaji daga farantin alawa. Malam Iliya ya tsaya ya kalli tabarmin da aka tattaka, ya kalli liman da ke sanye da takalmi wari da wari, ya ce, "Uku ke nan. Na faɗa tun farko. Kowa ya haƙura."

Na waiga na ga Nasiru. Ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan yi magana, Hajiya ta jefo mini wani kallo daga bakin zaure, na rufe.

Inna Dije ta ce, "Iliya."

"Na'am, Inna."

"Ta farko rasuwa ce, daga Allah. Ta biyu katanga ce, daga Allah. Wannan kuwa daga aljihun wannan bawan Allah ta fito, kowa ya gani. Alamar me ka karanta a ciki? Alama ɗaya ce, mutumin nan yana bukatar ya riƙa sa tabarau. Zauna a ɗaura wa yarinya aure, shinkafa na hucewa."

Malam Iliya ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna. Ya ce, "Zan bayar. Amma ba a hannun wannan ba. Mutumin da bai gane motarsa ba, ina zai gane wanda yake karɓa wa aure?"

Nan ne fa dariyar da aka riƙe tun a tudu ta ɓalle. Ita kam ta ɓalle da gaske, har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Da aka lafa, Malam Iliya ya nuna Garba ya ce, "Yau a garin nan mutum ɗaya ne ya faɗi abin da idonsa ya gani. Shi zan ba." Liman ya ce ya halatta, in dai ango ya wakilta shi. Kowa ya juya ga Nasiru, Nasiru ya juyo gare ni. Ko a wannan halin sai da ya nemi izinina da ido. Na gyaɗa masa kai.

Haka Garba ya zauna a wurina, da ƙarnin kifinsa da jiƙaƙƙen wandonsa, ya ce, "Na karɓa wa Nasiru." Ni ina can baya wajen takalma, da babbar rigata, ina tuna hannun Sule a cikin nawa. Abu ɗaya ya bar mini in yi masa a duniya, masunci ne ya ƙarasa. Ɗanlami ya ɗaga lasifika ya ce, "An ɗaura! Alkawari ya cika!" Tun safe sai yanzu lasifikar ta faɗi abin da ya faranta wa wani rai.

Ina lallaɓawa zan shiga mota, Inna Dije ta ce, "Ɗan nan, zo." Na je na durƙusa. Ta ɓara goro ta ba ni rabi. Ta ce, "Wancan karon da za a tashe mu, mutum aka aiko. Ya zauna a gabanmu, muka ga fuskarsa, muka yi masa tambayoyi, muka zage shi ma. Shi wannan mai salati a cikin wayarka, in ya yi ƙarya, wa za mu zaga?"

Na ce, "Ni, Inna."

Ta ce, "To ai shi ya sa na kira ka." Kuma ta yi. A natse, ba ta ɗaga murya ba, har sai da goron ya ƙare.

Yanzu Nasiru da Hauwa suna Doguwa da 'yarsu. Har yau Baba yake ce mini, kuma bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya, abin da ya fi zagin Inna Dije ciwo. A majalisa kuwa na koyi cewa "ban sani ba", sai na lura masu tambayata sun ragu. Sun koma wurin wani da ya taɓa zama a Abuja, shi bai san kalmar ba tukuna. Ina kallonsu ina shan shayina, ba ni da ƙarfin gardama.

Bidiyon ma bai mutu ba. Duk marka sai ya dawo da sabon suna. Bara an ce Bagauda ce, bana wani gari aka ambata da ban ma taɓa zuwa ba. In ya shigo, Hajiya kan leƙo ta ce, "Baban Zainab, kwanonka ya dawo." Ni kuma in sa tabarau, in zauna in rubuta wa guruf cewa jama'a ku kwantar da hankali, tsohon hoto ne, Lokoja ce, ni na ɗauka, ga kwanon furata nan a ƙasa. Wancan satin wani ya ba ni amsa. Ya ce, "Alhaji, kar ka raina gargaɗi. Wani babban direba ne da ya san gadar ya tabbatar da shi a gaban jama'a."

Na karanta sau biyu, na ajiye wayar. Darasin da na samu dai bai da yawa, kuma da tsada na same shi: in labari ya zo maka a guje yana salati, ka sa tabarau, ka nemi lambar wanda ƙafarsa ke cikin ruwan. Kafin ka buɗe baki kuma, ka ɗaga kai ka duba ko Ɗanlami na tsaye a kanka.